Gwaggo Habi, Yau Riƙon Jidda Ya Faɗo Hannuna

Shekara goma sha ɗaya ke nan da aka fita da Gwaggo Habi daga gidanmu na Ƙofar Jatau, cikin birnin Zariya, aka kai ta makwancinta. Duk shekara idan watan rasuwarta ya kama, nakan soya waina in raba wa yaran unguwa sadaka, in yi mata addu'a, in kama bakina. Bana kama bakin ya gagara. Na zauna, na tashi, na share tsakar gidan da ba ya buƙatar shara, daga ƙarshe na ce bari in ɗauko biro in gaya wa masu karanta wannan shafi abin da ya hana ni sakat. Wata rigima ce ta tashi a danginmu, irin wadda Gwaggo ta ƙare rayuwarta tana kashewa. Aka waiga babu ita, sai idanu suka dawo kaina. Ni kuwa, Allah ya sani, ban gaji haƙurinta ba.

Gwaggo Habi yayar mahaifina ce, kuma ita ta riƙe ni. Ranar da aka cire ni daga nono aka goya ni zuwa ɗakinta, kamar yadda ake yi a cikin birni: a kai yaro yaye wurin kaka ko gwaggo, in ya manta nono a dawo da shi. Ni dai ba a dawo da ni ba. Iyayena suna Ƙofar Kibo, tafiyar da ba ta isa a ce an gaji ba, amma a ɗakin Gwaggo na yi wayo, a nan na sauke Alƙur'ani, daga nan aka kai ni ɗakin miji. Ita ba ta taɓa haihuwa ba. Man gyaɗa da ƙuli-ƙuli take yi, gajeriyar mace mai ƙaramar murya, ba ta da sarauta, ba wanda ya naɗa ta komai. Amma duk gidan da aka sami saɓani kan yaron riƙo, daga Jatau har Kibo har ƙauyukan da danginmu suke noma, za ka ji an ce, a kira Habi.

Yadda take aikin nan shi ne abin da na kasa kwaikwayo. Ba ta tara mutane. In aka kawo mata ƙara, sai ta ce ta ji, ta ci gaba da matsar mai kamar ba da ita ake ba. Washegari da hantsi, bayan maza sun fita, sai ta yafa mayafinta ta kama hanya da ƙafa. In ta shiga gidan, ba ta tambayar abin da ya faru. Duk aikin da ta tarar a hannun matar, shi take kamawa: in wake ake gyarawa ta jawo faifai, in wanki ne ta hau ɗauraya. Sai ta yi shiru. Shirun nan shi ke sa mace ta fara magana, ta yi ta yi, ta yi kuka, ta share hanci, ta koma farko. Ni ina 'yar yarinya ina biye da ita duk na ƙosa, in ce a raina, haba, ki gaya mata gaskiya mu tafi mana! In mun fito ta dube ni ta ce, “Rabi uwar gaggawa, wa ya aike ki?”

Rigimar da na fi tunawa ita ce ta Lami da Talatu. Lami tana riƙon 'yar wanta, Talatu kuwa ita ce matar wan, uwar yarinyar. Ana jajiberin ƙaramar salla Talatu ta ba wata dillaliya ɗinkakkiyar atamfa, ta ce ta miƙa wa yarinyar hannu da hannu. Lami kuwa ta riga ta ɗinka mata nata, da guminta. Safiyar salla yarinya ta fito sanye da na uwarta, don ya fi walƙiya. Wanda bai san riƙo ba zai ce, to mene ne a ciki? Akwai abu a ciki. A wurinmu in ka ba ɗan'uwanka riƙon ɗanka, ka cire idonka, ka yi kara. Duk abin da za ka ba yaron, hannun mai riƙo za ka danƙa wa, ita ta ba shi. In ka tsallake ta, ka gaya wa duniya ke nan cewa ta gaza tufatar da shi. Lami ta kama hannun yarinyar, ranar salla fa, mutane na dawowa daga idi, ta kai ta zauren gidan ubanta ta ajiye, ta juya.

Gwaggo ta yi kwanaki tana zirga-zirga tsakanin gidajen nan biyu har silifas ɗinta ya tsinke. Abin da ta fito da shi a ƙarshe bai taka kara ya karya ba a ido. Ta sa Talatu ta wanke atamfar, ta ninke, ta ɗauka da kanta zuwa ɗakin Lami, ta durƙusa ta ce, “Ga shi, in kin ga dama ki ba 'yarki.” Ta sa uban yarinyar duk kaka ya kai dawa gidan mijin Lami, shi da kansa, ba ɗan aike ba, kuma ya ce gaisuwa ce, kada ya kuskura ya ce abincin yarinya ne. Ta juya kan Lami, ta ce duk Juma'a ta ɗauki yarinyar ta kai ta gaishe da uwarta, ta bar su su kaɗai a ɗaki, ita ta zauna a tsakar gida. Yarinyar nan ta koma wurin Lami, daga ɗakinta aka aurar da ita, kuma Talatu ce ta zauna da Lami a asibiti a ciwonta na ajali.

Abin da Gwaggo ta gane tun da wuri, wanda ni sai da na yi furfura na gane, shi ne mai riƙo gajiya take yi a ɓoye. Tana tashi da yaron in ya yi zazzaɓi, tana wanke fitsarin kwance, tana jin kunyar ta ce kayan miya sun ƙare, don kada a ce ta gaza. Dangi kuwa da zarar sun miƙa yaro sai su shafa wa idonsu toka. Gwaggo ba ta barin haka. Za ta bi su ɗaya bayan ɗaya, wannan ta ɗora masa takalmin makaranta, wancan sabulu, wannan ta ce ya leƙa kawai ya ce sannu. Kalmar sannun nan ta fi damunta da komai. Takan ce mace na iya riƙe ɗan wani har ya girma ba ta gaji ba, in dai akwai mai shigowa ya ce ya ga wahalarta.

To, ga ni yau, na yi ritaya daga koyarwa a firamare, gwiwoyina sun fara ƙara, kuma 'ya'yan ƙannena ni suke kira Gwaggo. Duk sa'ad da na ji sunan sai in waiga in ga ko da wata ake.

Ga abin da ya faru. Ina da ƙanwa, Ladidi, tana aure a Ƙofar Kibo, mijinta tela ne, ita kuma tana ɗinkin hula. Ta haihu sau ɗaya, ɗan ya koma, daga nan Allah bai sake ba ta ba. Autanmu Aminu yana aikin gwamnati a Abuja da matarsa Maryam. Da suka yaye 'yarsu ta fari, Hauwa'u, wadda muke kira Jidda, Aminu da kansa ya ɗauko ta ya ɗora wa Ladidi a cinya. Gwaggo tana raye a lokacin, ita ta sa albarka. Jidda ta tashi tana kiran Ladidi Umma, tana kiran wadda ta haife ta Momi. Yanzu tana shekara goma sha huɗu, doguwa, mai ƙoƙari a makaranta, ita ce hasken ɗakin Ladidi, kuma ba wani hasken bayan ita.

Sallar da ta wuce, Maryam ta aiko direban ofishin mijinta. Ya tsaya a bakin lungu, don mota ba ta shiga, ya kira yarinyar waje, ya miƙa mata leda: leshi ɗinkakke, takalmi, da sabuwar waya. Ladidi tana ciki tana gugar atamfar da ta ɗinka mata. Da aka ba ni labari sai da na dafa bango. Kai, duniya! Kuskuren Talatu sak, sai dai an ƙara masa waya.

Wayar ce ta ƙarasa ɓarnar. Yarinya ta shige cikinta, tuwo ya ƙone, wanke-wanke ya kwana, karatu ya ja baya. Ladidi ta yi faɗa, ta sake yi, rannan ta ƙwace ta jefa cikin akwati ta kulle. Jidda ta ari wayar maƙwabta ta kira uwarta tana kuka. Kafin la'asar magana ta faɗa gurup ɗin dangi da muke da shi a waya. Wayyo, gurup ɗin nan! Wanda bai taɓa saya wa yarinyar ko fensir ba, shi ne ya fi kowa dogon saƙon murya. Wani daga Legas ya kawo hukuncin shari'a, wata daga Kaduna ta ce zamanin riƙo ya wuce, wani ya tono abin da aka yi shekara ashirin da suka shige. Maryam ta ce ba ta haifi 'ya don a ƙuntata mata ba. Aminu ya rufe da cewa da an gama jarrabawa zai turo a ɗauke ta.

Ladidi ba ta cikin masu doguwar magana. Abin da ta yi ya fi magana zafi. Tun Jidda na ƙarama take tara mata kayan ɗaki, kamar yadda kowace mai riƙo take yi wa 'yarta: kwanuka, tukwane, zannuwan gado, ɗaya bayan ɗaya daga cinikin hula, tana turawa ƙarƙashin gado da saman sif. Ta fito da su kaf, ta jibge a zaure, ta aika wa Aminu cewa in direban ya zo ya haɗa da su. Duk ɗan birni ya san fassarar wannan. Ta ce ke nan ba daga ɗakinta za a aurar da yarinyar ba, ta cire hannunta, kuma ta cire shi daga Aminu ma. Uwa ɗaya uba ɗaya, suna shirin rabuwa har abada a kan leda guda.

Na yi ta tambayar kaina, da Gwaggo tana nan me za ta yi da wannan zamani? Ita da ta saba ta kama magana tun tana cikin ɗaki ɗaya, ta hana ta fita zaure. Yanzu kafin ka ɗaura ɗankwali maganar ta kai Legas ta dawo. Ita da ta saba ta taka ta je, yaya za ta taka zuwa Abuja? Wani lokaci in ce da ta rasa yadda za ta yi, kamar ni. Wani lokaci in ce a'a, da ta karɓi wayar nan ta juya ta, ta ce a kashe mata wannan abin, ta yafa mayafi. Na kira Aminu tukuna, don na fi ƙarfin bakinsa. Ya ce, “Yaya, don Allah mene ne laifi a ciki? 'Yarmu ce fa. Kuma duk wata ina turo wa Ladidi abin da ya sawwaƙa.” Na ce, “Kana turowa, ban musa ba. Yaushe rabon ka shiga ɗakinta ka zauna a tabarma ka ce mata sannu?” Sai ya ce yana cikin mitin. Raina ya ɓaci ƙwarai, na ajiye wayar kafin in faɗi abin da ba zan iya janyewa ba.

Washegari da hantsi na hau keke mai ƙafa uku zuwa Kibo, don ƙafata ba ta Gwaggo ba ce. Na raɓa ta gefen tulin kwanukan da ke zaure na shiga. Na tarar da Ladidi da hula a hannu, allura a tsaye, ba ta ɗinki. Idona ba ya ganin zare, don haka na jawo kwanon waken da ke gefe na hau tsincewa. Na ɗaure bakina, wallahi da ƙyar. Tambayoyi sun cika mini ciki, ga faɗan da na shirya tun daga gida. Na tsince waken nan har na fara tsince masu kyau ina zubarwa. Can ta ce, “Yaya, ƙyanda ta kusa kashe ta tana shekara huɗu. Ni na kwana da ita a zaune.” Daga nan ta ɓalle. Ba wayar ce damuwarta ba, ba leshin ba. Damuwarta direban da ya tsaya a bakin lungu, ko sallama bai yi mata ba, kamar gidanta makarantar kwana ce an zo ziyara. Ta ce shekarun nan duka Maryam ba ta taɓa ce mata ta gode ba. Na koma kashegari, na sake komawa, har ta yarda a mayar da kwanukan ɗaki kafin mu ga abin da Allah zai yi.

Maryam kuwa, tun da ba zan iya zuwa in kama aikin da ke hannunta ba, na kira ta da rana lokacin da na san mijin ba ya nan, na ce ba faɗa na kira yi ba. Na yi shiru a waya, abin da ban taɓa yi ba a rayuwata. Ashe ita ma tana da nata tulin. Tana yarinya ɗanya aka ɗauke mata 'yar fari, ba wanda ya tambaye ta, aka ce kunya ce, uwa ba ta nuna son ɗan fari. Ta haɗiye. Ta haifi maza uku bayanta, ba mace. Ta ce, “Yaya, in na zo Zariya ta gaishe ni kamar baƙuwa. Ban san abincin da take so ba. Wayar nan na saya ne don in riƙa jin muryarta.” Ta amsa cewa aiko direba kuskure ne, ta ce ita ba a cikin birnin Zariya ta tashi ba, ba ta san abin ya kai haka ba. Na kashe wayar jikina a sanyaye, don na shiga da shirin in ga mai laifi, ban same ta ba.

A nan ne na fara rigima da Gwaggo a cikin raina, kuma har yau ban gama ba. Da ita ce, na san yadda za ta ɗinke: Maryam ta zo ta durƙusa ta ba da haƙuri, Aminu ya riƙa zuwa da ƙafarsa, Jidda ta riƙa hutu a Abuja, riƙo ya ci gaba. Kuma duk sun nuna za su yarda. Amma akwai mutum ɗaya da Gwaggo ba ta taɓa tambaya ba a duk sulhun da na gani ta yi: yaron da ake rigimar a kansa. Ba mugunta ba ce, a zamaninsu ba a yi. Ni ma ba a tambaye ni ba. Na ji daɗin hannun Gwaggo, ban nemi komai na rasa ba, kuma in za a sake ba ni zaɓi ban san abin da zan ce ba. Amma mahaifiyata ta rasu ina jin nauyinta kamar surukata. Ban taɓa kwantar da kaina a cinyarta ba. Wannan abin yana nan a ƙirjina, furfura ba ta cire shi ba.

Don haka na yi abin da Gwaggo ba za ta yi ba. Na aika a kira mini Jidda gidana, na ce ta zo ta taya ni tankaɗe. Muna cikin aiki na ce, “Ke kuma me kike so?” Ta sunkuyar da kai ta ce duk abin da manya suka yanke. Na ce, “Ke, bar ni da wannan, na yi shekara talatin ina koyar da irinku. Dube ni.” Ta daɗe tana juya rariya. Sannan ta ce, “Gwaggo, ina son Umma, wallahi ina sonta. Amma ina so in zauna da Momi ko kaɗan kafin in girma. Ƙannena ba su san ni ba. Na daɗe ina so in faɗa, ina tsoron Umma ta mutu.” Ta fashe da kuka. Na rungume ta, garin ya ɓata mana kaya duka, ni ma na yi nawa.

Kwanakin da suka biyo baya ban ji daɗinsu ba ko kaɗan. Ga sulhu a hannuna, ya nuna, kowa zai yaba mini a ce Rabi ta gaji Habi. In na yi shiru da maganar yarinyar, Ladidi ta tsira da 'yarta. In na faɗa, ni da hannuna na kashe wa ƙanwata fitila. Na yi ta kai da kawowa a tsakar gida har maigidana ya ce ko in zauna ko in fita, na sa masa jiri. Na ce a raina, Gwaggo, kin bar ni da aiki, ba ki bar mini amsa ba.

Na je na gaya wa Ladidi. Ban yi kwana-kwana ba, don ban iya ba. Ta dube ni kamar na mare ta. Ta ce, “Ita ta faɗa da bakinta?” Na ce ita ta faɗa, kuma ta ce tsoron mutuwarki ya hana ta faɗa tun tuni. Ladidi ta ajiye hular, ta shiga uwar ɗaka, ta daɗe. Ina zaune ina jin motsinta, ina cewa yau na raba zumuncin da aka ce in gyara. Da ta fito idanunta sun kumbura, amma muryarta ba ta rawa. Ta ce, “To ba direba ba. Ni aka kawo wa ita a hannu, ni zan mayar da ita a hannu.”

Sauran na ɗaure shi yadda na ga Gwaggo tana yi, kowa na ɗora masa nasa. Aminu ya zo Zariya da ƙafarsa kafin tafiyar, ya cire takalmi ya shiga ɗakin yayarsa, ya zauna a ƙasa. Ban san abin da suka ce ba, na tsaya a tsakar gida, amma ya fito yana goge ido da hularsa. Maryam ta kira Ladidi, ta gode mata, ta ce kayan ɗakin nan kada a taɓa su, in Allah ya kawo miji daga ɗakin Ladidi za a ɗauki Jidda. Aka yanke duk dogon hutu a Zariya za ta yi. Masu dogon saƙon murya kuwa na bi su ɗaya bayan ɗaya, na ce tun da bakinku na da ƙarfi, ƙafafunku ma su motsa, kowa ya san ranar da zai leƙa Ladidi. Wasu sun leƙa, wasu sun yi kunnen ƙashi, na rubuta su a raina.

Masu karatu, na san a gidajenku da yawa akwai Ladidi: kaka mai riƙon jikokin da uwarsu ta rasu, gwaggo, inna, yayar da ta haɗa 'ya'yan ƙaninta da nata a tukunya ɗaya, ga tsadar rayuwa. Yawancinsu ba wanda ke shiga ya ce musu sannu sai ranar da rigima ta tashi, ranar kuwa kowa ya zama alƙali. Ban ce a daina riƙo ba, ni 'yar riƙo ce, shi ya yi ni. Ban kuma ce hanyar Gwaggo ta isa yau yadda take ba, don na karkace daga kanta, kuma har yanzu ban tabbata ko za ta sa mini albarka ko za ta kira ni uwar gaggawa ba. Abin da na tabbata ya rage daga gare ta ba wata dabara ba ce. Zuwa ne. Mutum ya tashi ya je, ya zauna kusa da wadda ta gaji, ya kama aikin da ke hannunta, ya ji ta har ta gama. Da ban ga Gwaggo tana yin haka ba, da yau Ladidi da Aminu ba sa ga maciji. Allah ya jiƙan Gwaggo Habi, ya haskaka kabarinta, ya saka mata da abin da mu muka kasa saka mata.

Amma kada in bar ku da zaton an gama lafiya kowa na dariya. Ladidi ta kai Jidda Abuja bayan jarrabawa, ta kwana biyu, ta dawo ita kaɗai. Ranar da za ta dawo na je gidanta na jira ta, na dafa abinci, don kada ta tarar da ɗaki shiru. Ta shigo da 'yar jakarta, ta zauna bakin gado ko mayafi ba ta cire ba. Ta ce sun karɓe ta hannu bibbiyu, Maryam ta ba ta ɗakinta ta kwana, yaran sun yi ta murna da yayarsu, har tasha suka rako ta gaba ɗaya. Na ce, “Kin yi ƙoƙari, Ladidi. Wallahi kin yi abin da ba kowa zai iya ba.”

Ta girgiza kai. Ta ce, “Ban yi ƙoƙari ba, Yaya. Mota ta cika, na ce wa direba ya dakata na manta wani abu. Ban manta komai ba. Tsayawa na yi ina kallonta, ko za ta ce Umma jira ni.”

Na ce, “Sai me ta ce?”

Ta ce, “Ta ɗaga mini hannu. Tana kuka, amma ɗaya hannun yana riƙe da na uwarta.”